Yadda ake shirya ƙuri'ar raba gardama a garin kan iyaka da ƙasashe biyu ke ja-in-ja a kansa

Mubi da Gwoza da Bama da Ganye da Gembu ba da yaƙi suka shigo Najeriya ba, kuma ba alƙali ne ya miƙa su ba. A lokacin suna cikin Arewacin Kamaru, yankin da Ingila ke riƙon amanarsa a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutanensu ne suka yi layi a watan Fabrairun 1961, Majalisar Ɗinkin Duniya na sa ido, suka jefa ƙuri'a: 146,296 suka ce Najeriya, 97,659 suka ce Kamaru. Ranar 1 ga Yuni aka haɗe yankin da Jihar Arewa, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna. Don haka idan ana gardamar ko ya dace mutanen gari su zaɓi ƙasar da za ta mulke su, ba sai an je nesa neman misali ba, an taɓa yi a gida.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ranar jefa ƙuri'a ita ce mafi sauƙi a aikin. Wanda ya shata yankin da za a yi zaɓen, da wanda ya rubuta sunayen masu zaɓe, da wanda ya tsara tambayar, sun riga sun yi fiye da rabin zaɓen tun ba a kafa rumfa ko ɗaya ba. A waɗannan wurare uku ne ya kamata sarakuna da lauyoyi da wakilan jama'a su kafa ido.

A fara duba ko ƙofar ma a buɗe take

Gaskiya ne mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma dokar ƙasa da ƙasa ba ta bai wa wani gari ikon ya tattara nasa-ya-nasa ya koma wata ƙasa don kawai mazaunansa sun so ba. A taron Alƙahira na Yulin 1964 shugabannin Afirka sun amince kowa ya riƙe iyakar da ya gada ranar samun 'yancin kai. Kotun Duniya da ke Hague ita ma takarda take dubawa, ba kawuna take ƙirgawa ba. A hukuncinta na 10 ga Oktoban 2002 ta bai wa Kamaru Bakasi bisa yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, duk da cewa galibin mazauna wurin 'yan Najeriya ne. Haka aka yi a Darak da ke Tafkin Chadi, inda masunta, har da Hausawa da yawa, suka bi ruwa yana janyewa suna kafa ƙauyuka. Najeriya ta nuna cewa ita ke karɓar haraji da tafiyar da makarantu a wurin, kotu ta ce wannan bai goge layin da Ingila da Faransa suka shata ba. A Disambar 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30, ba a tambayi kowa ra'ayinsa ba.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, matakin farko ba a garin yake ba, yana manyan biranen ƙasashen biyu. Sai an sami yarjejeniya a rubuce, wadda duka biyun suka sa wa hannu, cewa sun yarda a tambayi mutane kuma za su karɓi amsar ko ta yi musu daɗi ko ba ta yi ba. Sannan kowace ƙasa ta bi da ita ta majalisarta. A Najeriya sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, kuma wannan ne ya sa Majalisar Dattawa ta tada jijiyar wuya a 2007 kan miƙa Bakasi.

Ƙuri'ar da ɓangare ɗaya ya shirya wa kansa ɓata takarda ce. A ƙarshen Oktoban 2013 Dinkawan Ngok na Abyei, yankin da Sudan da Sudan ta Kudu ke ja-in-ja a kansa, sun gaji da jira, suka yi tasu, sama da kashi 99 cikin 100 suka zaɓi Sudan ta Kudu. Khartoum ta yi watsi da ita, Tarayyar Afirka ba ta amince ba, har yau yankin yana hannun dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya.

Akwai kuma garin da bai kamata a kai shi ga akwati ba ko da ƙasashen sun yarda: wanda aka kori wani ɓangaren mutanensa kwanan nan ba su dawo ba, ko wanda jama'arsa suka rabu kusan biyu daidai kuma gidajensu a cakuɗe suke. A irin wannan wuri ƙuri'a ƙidayar abokan gaba take zama. Gara a nemi mulkin haɗin gwiwa na wasu shekaru, ko a bar iyaka inda take a sassauta mata.

Ina ne "garin", kuma yaya za a ƙirga?

Ɗauki alƙaluman 1961 ka yi lissafi da kanka. A Kudancin Kamaru ta Ingila, 233,571 suka zaɓi Kamaru, 97,741 suka zaɓi Najeriya. Haɗa da na Arewa: Kamaru tana da 331,230, Najeriya 244,037. Wato da an zuba ƙuri'un Arewa da na Kudu a kwando ɗaya, da yau Mubi sefa take kashewa. Shawarar a ƙirga kowane yanki daban, wadda aka yanke tun kafin zaɓe, ita ta raba gardamar.

Hanya biyu ce. Ko a ɗauki yankin dunƙule, mai rinjaye ya kwashe duka, ko a ƙirga ƙauye-ƙauye sannan a ja layi gwargwadon yadda aka zaɓa. An gwada duka biyun a Schleswig tsakanin Denmak da Jamus a 1920. Shiyyar arewa an ƙirga ta dunƙule, kusan kashi 75 cikin 100 suka zaɓi Denmak, sai garin Tonder, wanda yawancin mutanensa Jamus suka zaɓa, ya tsinci kansa a Denmak. Shiyya ta biyu an ƙirga ta gari-gari, kusan kashi 80 suka zaɓi Jamus, ta zauna can. Layin nan yana nan har yau.

Idan gari ɗaya ake magana, dunƙule ya fi. Amma a shata shi tare da abin da yake ci da shi: gonakinsa, fadamarsa, rijiyoyi da mashayar dabbobi, maƙabarta, da ƙauyukan da ke cin kasuwarsa kuma dagatansu ke bin hakiminsa. Garin da aka bai wa wata ƙasa aka bar gonakinsa a ɗaya ƙasar, an shuka rigimar da za ta tsiro kowace damina. A sa taswira a jikin yarjejeniyar, da lambobin wuri na na'urar GPS, ba kwatancen "daga tsamiya zuwa rafi" ba, don rafi yana sauya hanya, tsamiya kuma ana sarewa. Abyei ta ci shekara huɗu a kan wannan kaɗai: kwamitin ƙwararru ya shata iyakarta a 2005, Khartoum ta ƙi, sai a Yulin 2009 kotun sasanci ta Hague ta sake shatawa, ta fitar da rijiyoyin man Heglig daga ciki.

Ƙirga ƙauye-ƙauye yana da wani aibi da ba a gani sai bayan zaɓe: yana tona asirin wanda ya zaɓi wane. Shi ya sa a ƙuri'ar rabuwar Timor ta Gabas da Indunusiya a 1999 aka kwashe akwatunan duka zuwa Dili, babban birninta, aka cakuɗa ƙuri'un, aka sanar da sakamako guda.

Wa zai jefa ƙuri'a?

A nan ne yawancin irin wannan shiri ke mutuwa. Garin kan iyaka ba ya rasa mutum iri biyar: haifaffen gari da ke zaune, haifaffen gari da ya yi ƙaura, baƙon da ya daɗe har ya aurar da 'ya'ya, ɗan cin rani, da makiyayin da ke sauka wata huɗu ko biyar a shekara tun zamanin kakanninsa. Kowace ƙasa za ta so a faɗaɗa ma'anar "ɗan gari" ta inda mutanenta suka fi yawa, a ƙuntata ta ta ɗaya gefen.

Yarjejeniyar Abyei ta 2004 ta ce masu zaɓe su ne Dinkawan Ngok da sauran 'yan Sudan mazauna yankin, ta bar wa hukumar zaɓe ta fayyace wane ne mazauni. Larabawan Misiriyya, waɗanda ke gangarowa da shanu kogin Kiir kowane rani, suka ce su ma mazauna ne. Dinka suka ce masu wucewa ne. Ba a ma iya kafa hukumar ba, ƙuri'ar da aka sa ran yi a Janairun 2011 ba a yi ta ba har yanzu. Kalma ɗaya da aka bari ba a fassara ba ita ta jawo haka.

A Yammacin Sahara, inda Maroko ke rigima da masu neman 'yancin kai, an yarda a yi amfani da ƙidayar da Sifaniya ta yi a 1974, mai mutum kusan 74,000. Maroko ta nemi a ƙara wasu ƙabilu. Aka shafe shekaru ana tantancewa, kowane mai nema yana bayyana gaban shehunai biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. Aka amince da kusan 86,000, sai ƙorafi fiye da 130,000 ya biyo baya, aikin ya tsaya cak. Ƙuri'ar da aka tsara yi a Janairun 1992 ke nan, har yau ba a yi ta ba.

Ga yadda ake kauce wa wannan. A tsayar da rana guda a baya, tun kafin rigimar ta yi zafi, a ce wanda yake zaune a yankin a wannan rana, da 'ya'yansa da suka kai shekara 18, su ne masu zaɓe. A Saar, yankin da ke tsakanin Jamus da Faransa, a 1935 ranar 28 ga Yunin 1919 aka ɗauka. Amfanin tsohuwar rana shi ne ba wanda zai iya cika gari da baƙi a motocin ɗaukar kaya don ya sauya sakamako. A rubuta ranar a cikin yarjejeniyar kanta, kada a bar wa wata hukuma da za a kafa nan gaba.

'Yan gudun hijirar da rikicin ya kora suna da ƙuri'a, a kai musu rumfa sansaninsu. Wanda ya bar gari da kansa shekara talatin da suka wuce, a yi hattara da shi. A Silesiya ta Sama, wadda Jamus da Polan suka yi takara a kanta, a 1921 an bar duk wanda aka haifa a yankin ya dawo ya yi zaɓe, kusan mutum 190,000 suka zo, galibinsu daga Jamus. Jamus ta sami kusan kashi 60, 'yan Polan suka ce an yi musu aringizo, cikin makonni aka ɗauki bindiga.

Makiyaya kuwa, mafi alheri a raba musu tambaya biyu da ake cakuɗawa. Makiyayin da ke da gida ko mashekari na dindindin a yankin ɗan gari ne, ya yi zaɓe. Wanda ke zuwa rani kaɗai, damuwarsa burtali ne da ruwa, ba launin tuta ba. A ba shi wannan a rubuce, da sunan kowane burtali da kowace mashaya da watannin shiga da fita, ya zama haƙƙin da ba ya faɗuwa ko wace ƙasa ta ci. Idan bai sami wannan tabbaci ba zai nemi ƙuri'a, idan aka hana shi zai hana zaɓen.

Hujjar zama a ƙauye ba fasfo ba ce. A karɓi tsohon rasit na haraji ko jangali, rajistar makaranta, katin asibiti, takardar gona, ko shaidar dattawa biyu da mai unguwa. A kafe jerin sunaye a ƙofar fada da kasuwa da masallacin Juma'a da coci na tsawon mako uku, a karanta shi da baki ranar kasuwa saboda waɗanda ba sa karatu. A ba da mako biyu na ƙorafi, kwamitin mutum uku ya yanke, ɗaya daga kowace ƙasa da shugaba ɗan ba-ruwanmu, kuma hukuncinsa shi ne na ƙarshe. Ƙofar ɗaukaka ƙara da ba ta da wa'adi ita ce hanyar da mai tsoron faɗuwa ke bi ya kashe zaɓe. Mata kuma suna ciki. A ƙuri'ar Arewacin Kamaru ta 1959 maza kaɗai suka yi, sai a 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta dage aka sa mata. A tanadi layinsu daban da ma'aikata mata.

Tambayar da takardar

A Nuwamban 1959 an tambayi mutanen Arewacin Kamaru: ku shiga Jihar Arewa, ko a ɗage shawara zuwa gaba? Kusan kashi 62 cikin 100 suka ce a ɗage, abin da ya girgiza Kaduna. Ba son Kamaru ne ya jawo haka ba, haushin mulkin En'e ne da hakiman da ake turo musu daga Yola da Dikwa. Da aka gyara tsarin En'e aka yi musu alkawarin lardinsu na kansu, bayan wata 15 sakamako ya juya. Mai shirya irin wannan zaɓe ya sani cewa talaka zai amsa tambayar da ke damunsa ne, ba lallai wadda aka buga a takarda ba. Don haka kowace ƙasa ta fito da takarda tun da wuri, ta faɗi a ƙarƙashin wace jiha ko gunduma garin zai zauna, wa zai naɗa hakimi, wane harshe za a yi karatu da shi, wace kotu za ta raba gado.

A yi tunani sosai kafin a rufe zaɓi na uku. A Kudancin Kamaru akwai masu son ƙasarsu ta kansu, ba a sa wannan a takarda ba, kuma masu fafutukar ɓallewa a yankin masu magana da Ingilishi suna kafa hujja da shi har gobe. Saar ta ba da uku: Jamus, Faransa, ko a ci gaba yadda ake. Idan zaɓi uku ne, a rubuta tun farko cewa in ba wanda ya haura rabi, za a sake tsakanin biyun farko cikin wata guda.

Takarda ɗaya, akwati ɗaya. Tsohon salon akwatuna biyu masu launi daban a bayan labule yana ba da damar mutum ya fito da takardarsa a aljihu ya sayar, mai saye ya shiga ya zuba goma. A sa alama kusa da kowane zaɓi, kamar yadda Sudan ta Kudu ta yi a 2011: hannu biyu a riƙe da juna haɗin kai, tafin hannu ɗaya rabuwa. Kada a yi amfani da alamar da ke da nasaba da addini ko jam'iyya.

Rinjaye nawa ake bukata? Montenegro, da za ta rabu da Sabiya a 2006, an gindaya mata kashi 55, ta sami 55.5. Sudan ta Kudu rinjaye kawai aka nema, amma da sharaɗin kashi 60 na masu rajista su fito. Sharaɗin fitowa yana da tarko: wanda ya san zai faɗi sai ya ce wa mutanensa su zauna a gida, kuma duk wanda aka gani a layi an san inda ya dosa. Ga gari ɗaya, kashi 55 na ƙuri'un da aka jefa ya fi aminci, tare da faɗin abin da zai faru idan ba a kai ba.

Bindiga a hannun wa?

Kada ɗaya daga cikin masu takara ya riƙe tsaro. Yarjejeniyar 5 ga Mayun 1999 ta bar tsaron Timor ta Gabas a hannun Indunusiya. Kashi 78.5 suka zaɓi rabuwa ranar 30 ga Agusta, 'yan bangar da ke goyon bayan Jakarta suka ƙone garuruwa, aka kashe fiye da mutum 1,000 a shekarar, sojojin ƙasa da ƙasa ba su iso ba sai 20 ga Satumba. A Saar kuwa an kawo soja kusan 3,300 daga Ingila da Italiya da Suwidin da Holan tun kafin zaɓe. Sojojin ƙasashen biyu su ja baya aƙalla wata uku kafin ranar, dakarun ba-ruwanmu su zauna har bayan miƙa mulki, domin makon sanar da sakamako ya fi ranar zaɓe haɗari.

Mulkin yau da kullum ma a cire shi daga hannun masu takara. Daga 1 ga Oktoban 1960 an raba Arewacin Kamaru da gwamnatin Kaduna aka ba wani kantoma Bature, Percy Wyn-Harris, amma duk da haka Kamaru ta yi ƙorafin cewa ma'aikatan Najeriya ne ke riƙe da ofisoshi.

Rana kuma a sa ta da rani, bayan an gama girbi, hanyoyi sun bushe, ba cikin azumi ba. Kowace rumfa kada ta wuce mutum 500, kada tafiya zuwa gare ta ta wuce awa guda a ƙafa. Wakilin kowane ɓangare ya sa hannu a kan hatimin akwati kafin a ɗauke shi, ya kuma bi motar.

Abin da wanda ya faɗi zai samu

A rubuta wannan kafin zaɓe, lokacin da kowa ke tsoron shi ne zai faɗi. Bayan sakamako mai nasara ba ya sauraron kowa. Yarjejeniyar Greentree ta 12 ga Yunin 2006 kan Bakasi tana da jerin da za a iya ara: ba za a tilasta wa kowa barin gida ko sauya ƙasa ba, za a mutunta harshe da addini, za a bar mutane su ci gaba da noma da su, za a kare dukiya da gonakin gado. Rauninta shi ne bayan wa'adin riƙon ƙwarya na shekara biyar ya ƙare a 2013, babu wata hukumar da masunci zai kai ƙara idan jandarma ya matsa masa. A gyara wannan da kwamitin haɗin gwiwa mai ofis a cikin garin, na aƙalla shekara goma.

Kowane mutum a ba shi zaɓin kansa ban da na gari. Lokacin da Indiya da Bangaladash suka yi musayar ƙananan yankuna 162 a 2015, an bi gida-gida an tambayi mutane kusan 50,000 ko za su zauna su karɓi sabuwar ƙasa ko za su ƙaura. Waɗanda suka ƙaura ba su kai 1,000 ba. Mutum gonarsa yake bi, in dai an bar masa ita. Sai ƙananan abubuwan da ke hana barci: farashin canjin kuɗi da wa'adinsa, fanshon tsofaffin ma'aikata, takardun makarantar yara, shari'un da ke gaban alƙali, lambar mota da babur, da katin ƙetare iyaka kyauta ga mai gona ko dangi a ɗaya gefen.

A tanadi inda za a kai ƙarar zaɓe da kwanakin da za a yanke ta, kwana 30 sun isa. Garin Moutier na Siwizalan, wanda jiha kawai yake son sauyawa ba ƙasa ba, ya yi zaɓe a 2017 da ratar ƙuri'a 137, aka soke saboda shakku kan rajista da katsalandan ɗin hukumar gari, sai a 2021 aka sake. Kamaru kuwa ta kai ƙarar zaɓen 1961 Kotun Duniya, a Disambar 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci saboda an riga an rufe babin riƙon amana. Tsakanin sakamako da miƙa mulki a bar wata uku zuwa shida. A cikin wannan lokaci ma'aunan ƙasashen biyu su fita tare su kafa turakun kankare a kan layin, kusa da kusa inda akwai gidaje da gonaki, dagacin kowane ƙauye yana tsaye ana haƙa ramin.